Ku Tambayi Injiniya: Idan Kogi Ya Daskare

Tun da hunturun bana ya kankama a Jos, wasiƙun da ke shigo wa filin nan suka karkata ga maganar sanyi. Wasu hotunan ƙasashen ƙanƙara suka gani a waya, wasu kuma 'ya'yansu ke karatu a can. Mun ware waɗanda suka shafi daskarewar koguna, injiniyoyin ruwa da na gadoji da ke amsa tambayoyinku suka zauna a kansu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce kogi ba ya daskarewa yadda tafki ke daskarewa, amma lokaci ya ƙure bai yi bayani ba. Ruwa ai ruwa ne, ina bambancin?
Daga ɗalibin injiniya, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Malaminku ya yi gaskiya, kuma bambancin duk a motsi yake.

Fara da tafki. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyos. Idan sanyi ya shigo, ruwan sama ya huce sai ya nutse, na ƙasa ya taso, su yi ta musanya har tafkin duka ya kai digiri 4. Daga nan duk wanda ya ƙara hucewa nauyinsa raguwa yake, sai ya tsaya a sama, ya kai sifili, ya daskare ya zama faifai guda. Faifan ba ya nutsewa, domin ruwa kan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Mazubin da zai ci kilo 1,000 na ruwa, kilo 917 na ƙanƙara kawai zai ci. Shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil ke fashewa a firiza.

Kogi kuwa ruwansa juyawa yake, na sama da na ƙasa suna gauraya, babu sashen da zai zauna lafiya ya yi faifai. Sai kogin gaba ɗaya ya huce ya kai sifili, har ya ɗan gota ƙasa da shi bai daskare ba. Gotawar ba ta da yawa, tsakanin digiri 0.01 da 0.1 ce, amma a nan gizo ke saƙa. Ka taɓa ciro lemon kwalba daga firiza yana ruwa, kana buɗewa ya daskare a hannunka? Halin da kogin ke ciki ke nan, jira yake a taɓa shi. Ƙwayoyin dusar ƙanƙara na faɗowa ciki, sai wasu sirara su fara yaɗuwa cikin ruwan daga sama har ƙasa, faɗinsu daga ƙasa da milimita ɗaya zuwa 'yan milimita. A littattafanku firazil ake ce musu. Mu a nan za mu kira su tsakin ƙanƙara.

Muddin ruwan na ƙasa da sifili, tsakin nan danƙo ne da shi. Yana manne wa juna ya yi curi-curi ya taso, curin su yi ta gogar juna har su zama fayafayai masu tashin baki kamar faranti. Yana kuma kama duwatsun gindin kogi ya yi ta girma daga can ƙasa, rana ta fito ya saki, ya taso ɗauke da tsakuwa.

Rufin kogi daga fayafayan nan yake samuwa. Suna gangarowa har su tarar da abin da zai tare su, ko kwana, ko tsibiri, ko inda ƙanƙarar gaɓa biyu ta haɗe, sai su jeru ɗaya bayan ɗaya, rufin ya riƙa tsawo yana komawa wajen da ruwan ke fitowa. Da sharaɗi ɗaya: kada gudun ruwan ya wuce kimanin mita 0.6 zuwa 0.7 a sakan. In ya wuce, ruwan kan ja su ya cusa ƙarƙashin rufin, su taru su zama tuli mai rataye, wanda a wasu koguna kan kai kaurin mita 10 ko fiye. Riƙe wannan 0.7, za ka sake gamuwa da ita a ƙasa.

Ga kuma abin da ake yawan kawowa a jarrabawa. Kogin da ya rufe yana guga a wuri biyu, gindi da rufi. Idan kaushinsu ɗaya ne, zurfin da ruwan ke buƙata ya wuce yakan ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100. Saboda haka jadawalin da ke fassara tsayin ruwa zuwa yawan ruwan da ke wucewa, wanda aka auna kogi na buɗe, ƙarya zai yi maka da zarar kogin ya rufe.

TAMBAYA: Na yi shekara talatin ina aikin gidan ruwa kafin na yi ritaya. Mu abin da ke toshe mana bakin bututun ɗiban ruwa ciyawa ce da leda da yashi. Su da koginsu ke daskarewa, yaya suke samun ruwan famfo da wutar lantarki?
Daga wani dattijo, Kubwa, Abuja

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin zai ba ku mamaki: kogin da ya riga ya rufe ba ya hana ma'aikacin gidan ruwa barci, domin rufin bargo ne, yana hana ruwan ƙasa ƙara hucewa, tsaki ba ya samuwa. Daren da suke tsoro na farkon sanyi ne, kogi a buɗe, sama garau babu gajimare, iska na kaɗawa, sanyinta ya kai digiri 6 ƙasa da sifili ko fiye. A irin wannan dare tsakin kan kama sandunan rariyar ƙarfen da ke bakin bututu. Yana farawa daga gaban kowace sanda, ya yi ta kauri har na wannan ya haɗe da na waccan. Cikin 'yan awoyi rariyar ta toshe ruf, galibi tsakanin tsakar dare da asuba. Alamar farko ita ce ruwan rijiyar famfo ya fara sauka alhali na kogi bai motsa ba. Idan mai aiki bai lura ya rage jan famfo ba, nauyin ruwan da ke danno rariyar ta gaba na iya lanƙwasa ta, famfo kuma ya ja iska ya lalace.

Ba sai an dafa kogin ba. Danƙon tsakin na mutuwa da zarar ruwa ya haura sifili ko da digiri 0.1 ne. Ɗumama lita 1,000 a kowane sakan da wannan ɗan kaɗan na cin kimanin kilowat 420. Ƙaramin gari mai jan lita 200 a sakan, kilowat 84 ya ishe shi. Don haka akan sa wayar ɗumamawa cikin sandunan, ko a juyo da ruwan burtsatse ko wanda ya sanyaya injuna a zuba gaban rariyar. Akwai masu turo ruwa ko iska da ƙarfi ta baya su kakkaɓe, akwai masu lulluɓe sandunan da roba mai santsi, sai dai wannan ba ya hana kamawa, sauƙin kankarewa kawai yake kawowa. Inda ruwa ke kwance da zurfi, akan shimfiɗa bututu mai huji-huji a gindi a hura iska, kumfar ta taso da ruwan ƙasa mai ɗan ɗumi. A kogi mai gudu wannan ɓarnar kuɗi ce, tunda sama da ƙasa sanyinsu ɗaya, babu ruwan ɗumin da za a taso da shi.

Babbar tashar lantarki da ke haɗiye dubban tan na ruwa a sakan ba ta da wutar ɗumama shi. Dabararsu ita ce su taimaki kogin ya rufe da wuri, ya kuma rufe sumul. A Kogin St. Lawrence da ke tsakanin Kanada da Amurka, da Kogin Nelson na lardin Manitoba, idan sanyi ya kama akan rage ruwan da ake saki da gangan na wasu kwanaki, gudunsa ya sauko ƙasa da 0.7 ɗin nan, rufi ya haɗu, sannan a riƙa ƙara ruwan sannu a hankali. An rasa wutar 'yan kwanaki, an tsira da ta watanni.

Sai shinge mai iyo. Wanda ya fi suna shi ne wanda ake girkawa kowace shekara tun 1964 a inda Tafkin Erie ke zuba cikin Kogin Nayagara. Tsawonsa kusan kilomita 2.7, an raba shi gaɓa 22, kowace gaɓa igiyar ƙarfe ce ɗauke da tankoki masu iyo, an ɗaure ta a gindin tafkin. Da gumagumai ake yi, a 1997 aka koma tankokin ƙarfe. Ana iya fara girka shi ranar 16 ga Disamba, ko ranar da ruwan tafkin ya sauko digiri 4, duk wadda ta riga. Ba don kokawa aka yi shi ba. Idan guguwa ta turo ƙanƙara da ƙarfi, tankokin nutsewa suke ta haye ta wuce, iska ta lafa su taso su ci gaba da tarewa. Shingen da ba ya sunkuyawa, igiyarsa ce ke tsinkewa.

TAMBAYA: Yaron motata ya nuna mini bidiyon tireloli suna tafiya a kan ruwan da ya daskare. Na ce haɗin kwamfuta ne, ya rantse gaskiya ne. Ku raba mana gardama.
Daga direban tirela, Bukuru

AMSA: Maigida, yaronka ya ci gardama. A arewacin Kanada, bayan garin Yellowknife, akwai hanyar da ake ginawa kowace shekara tun 1982 don kai mai da siminti da kayan aiki wuraren haƙar ma'adinai, yanzu galibi na lu'ulu'u. Kusan kashi 85 cikin 100 nata a kan tafkuna take, kuma kimanin wata biyu take aiki, daga wajen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. A Saberiya ma haka ake ƙetare Kogin Lena zuwa birnin Yakutsk da sanyi.

Ba da ka ake hawa ba, da lissafi ne. Wani masanin Kanada, Lorne Gold, ya fitar da shi a 1971. Auna kaurin ƙanƙara da santimita, ninka shi da kansa, ka sake ninkawa da 4, abin da ya fito shi ne kilon da za ta ɗauka. Santimita 10 za ta ɗauki kilo 400. Santimita 35 za ta ɗauki kusan tan 5. Tirela mai tan 40, da kanta da kayanta, sai santimita 100, wato mita ɗaya cif. Wannan 4 ɗin akan sauko da ita 3.5 ko a haura har 7, gwargwadon yadda ake sa ido a kan hanyar. Mai auna kauri kullum yana da ikon ya ɗan haura, wanda ba ya aunawa ba shi da shi.

Kuma ba kowace ƙanƙara ake ƙirgawa daidai ba. Duk mai sayen ƙanƙarar azumi ya san akwai garau mai kama da gilashi, akwai fara mai cike da kumfa. Garau ɗin ita ce mai ƙarfi. Farar, wadda ta samu daga dusar da ta jiƙe ta daskare, rabi ake ƙirga mata. Santimita 40 garau da 20 fara, 50 ke nan, ba 60 ba. Idan kuma akwai ruwa kwance tsakanin hawa biyu, ba a haɗa su, kowanne zaman kansa yake.

Yadda take kauri ma akwai lissafinsa. Kwana 30 a jere da matsakaicin sanyi na digiri 10 ƙasa da sifili, 30 sau 10, 300 ke nan. Nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 300, wato 17.3. A kogin da dusa ta rufe ninka da 1.5, ka sami santimita 26. A tafkin da iska ke share wa dusa ninka da 2.7, ka sami 47. Ka ga dusa na hana kauri, shi ya sa aikin farko shi ne share ta, a kuma share da faɗi, mita 30 ko fiye, domin tulin da aka tura gefe na danne ƙanƙarar ya tsaga ta. Bayan haka sai a huda, a jawo ruwa da famfo a malala a sama, santimita biyu ko uku, a bari ya daskare sarai kafin a ƙara wani. Mai gaggawa da ya malala da yawa, sama ce za ta daskare ta bar ruwa a tsakiya.

Ga wanda zai fi ba direba mamaki: gudu ne ke kashewa. Nauyin mota na lotsa ƙanƙarar, lotsawar na tura igiyar ruwa a ƙasa tana tafiya gaban mota. A ruwa mai zurfin mita 5, igiyar na tafiyar kimanin kilomita 25 a awa, a zurfin mita 3 kimanin 20. Idan gudun mota ya zo daidai da nata, lotsawar na ninkuwa. Kusa da gaɓa abin ya fi muni, domin igiyar na dukan tudu ta dawo ta fasa ƙanƙarar daga ƙasa. A waccan hanya mota mai kaya ba ta wuce kilomita 25 a awa, wajen hawa tudu ta sauko 10, tsakanin mota da mota kuma rabin kilomita. Tsayawa ma haɗari ce, don ƙanƙara na ci gaba da lotsawa a hankali ƙarƙashin kayan da ke tsaye, kuma lissafin Gold na mota mai tafiya ne. Kogi ya fi tafki mugunta, ruwan da ke gudu na cin ƙanƙarar ta ƙasa, a sami santimita 80 a nan, taku goma gaba 30. Da, huji ake yi jefi-jefi a zura ma'auni. Yanzu akan ja na'urar rada a bayan mota tana karanta kaurin kowane taku, hujin ya zama na tabbatar da na'urar.

TAMBAYA: Na lura ƙafafun gadojin ƙasashen sanyi suna da goshi mai gangara ta inda ruwa ke fitowa. Ado ne ko lissafi? Kuma nawa ne nauyin da ƙanƙara ke ɗora wa ƙafa ɗaya?
Daga injiniyan gine-gine, Garki, Abuja

AMSA: Injiniya, lissafi ne tsantsa. Ɗauki ƙanƙara kamar kankaren da ba a sa wa rodi ba, tana jure matsi, ba ta jure lanƙwasa. Idan faifai ya daki ƙafa mai tsaye kyam, dole sai ya niƙe kafin ya wuce, ƙafar kuma ta sha duk ƙarfin niƙar. Idan goshin na gangara, faifan kan hau shi, ya lanƙwashe, ya karye da ƙarfin da bai kai wancan ba ko kusa. Tsohuwar dabara ce. Gadar Victoria ta birnin Montiriyal a Kanada, wadda aka gama a 1859, da irin wannan goshi aka gina ƙafafunta. Gadar Confederation ta Kanada mai kilomita 12.9, wadda aka buɗe a 1997, a kan mashigin teku take ba kogi ba, amma darasin ɗaya ne: kowace ƙafa na sanye da mazurari a kife a daidai bakin ruwa, mai gangarar digiri 52, don ƙanƙara ta hau ta karye ko ta wane gefe ta zo.

Ƙa'idar gadoji ta Kanada ta ba da matakai huɗu na ƙarfin niƙewa, a ma'aunin matsi da ake kira kilofaskal: 400 idan ƙanƙarar ta ruɓe sosai kafin ta tashi, 700 idan ta ɗan ruɓe, 1,100 idan tana da lafiya kuma manyan faifai ne, 1,500 idan ta motsa tun sanyi na da ƙarfi. Ka ninka wannan da kaurin ƙanƙara da faɗin ƙafa, sannan da wata lambar gyara. Ga misali: ƙafa mai faɗin mita 2, ƙanƙara mai kaurin mita 0.8. Ninka kauri da 5, raba da faɗi, ƙara 1, ka sami 3. Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 3 ita ce 1.73. To, 1.73 sau 1,100 sau 0.8 sau 2 ya ba da kusan kilonyutan 3,050, wato kimanin tan 310. Kamar nauyin tirela takwas ke nan yana tura ƙafa ɗaya ta gefe. Sai goshin ya kauce wa tsaye da fiye da digiri 15 ake yarda ka yi lissafin lanƙwasa ka ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta.

Amma ba dukan kaɗai ke kayar da gada ba. Idan ƙanƙara ta cunkushe ƙarƙashinta, ruwa na matsewa ta ɗan wurin da ya rage a gindi, ya yashe ƙasar da ke riƙe da tushe. Idan ta manne wa turaku ruwa ya tashi, takan tumɓuko su sama kaɗan-kaɗan. Tana kuma goge kankare a bakin ruwa har rodi ya fito, shi ya sa ake sa wa goshin sulken ƙarfe, ake kuma kwaɓa kankaren da sinadarin da ke bar masa ƙananan kumfar iska, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100, don ruwan da ya shige shi ya sami wurin kumbura. Tsayin gada kuma daga matakin da cunkoso ke kaiwa ake auna shi, ba daga na ambaliyar ruwan sama ba. Gadar da ke ƙasan gangaren ruwan Nayagara ta faɗi ranar 27 ga Janairu 1938 saboda tulin ƙanƙara ya kai ga tushenta ya tura shi. Wadda ta maye gurbinta a 1941, can sama aka kai nata tushen.

TAMBAYA: Ɗana na karatu a Rasha. Ya ce mini wai ƙanƙara na kawo ambaliya har a jefa mata bam. Hankalina ya tashi. Yaya abin yake, kuma me zan faɗa masa?
Daga wata uwa, Gwarimpa, Abuja

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, abin a wasu garuruwan bakin kogi yake faruwa, a ƙarshen sanyi, kuma ana sa ido a kansa. Amma gaskiya ya faɗa miki.

Ƙanƙarar kogi hanya biyu take tashi. Idan ɗumi ya zo a hankali, takan ruɓe a inda take ta narke, babu wanda ya ji. Idan kuwa dusa ta narke da sauri ko aka yi ruwan sama, kogi ya cika alhali rufin na da ƙarfinsa, sai ruwan ya ɗaga shi ya farfasa, gutsattsarin su gangaro tare. Inda hanya ta matse, ko kwana, ko gada, ko mahaɗar koguna, ko inda rufin gaba bai tashi ba, sai su tsaya, na baya su hau na gaba. Wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san yadda layi ke tsawo cikin minti kaɗan. Tulin kan kai kaurin mita da dama, ƙasansa kaca-kaca, ruwa ya rasa hanya ya koma baya ya shiga gari, ko da yawansa bai kai na ambaliya ba. Idan ya ɓalle kuma, ruwan da ya tara na afka wa na gangare a lokaci guda.

Kogunan da ke gangarawa arewa sun fi fama, irin su Lena da Ob da Yenisei a Rasha, da Makenzi a Kanada, da wani sashe na Rawayen Kogi a ƙasar Sin. Kudu na narkewa da wuri, ruwan ya taho ya tarar arewa na kulle. A watan Mayun 2001 garin Lensk na bakin Lena ya kusan nutsewa duka, har jiragen yaƙi suka jefa wa cunkoson bama-bamai. A watan Afrilun 2020 cunkoso mai tsawon kimanin kilomita 25 a Kogin Athabasca ya sa aka kwashe mutum kusan 13,000 daga Fort McMurray a Kanada.

A ganinmu bam ya fi kyau a talabijin fiye da a aiki. Ba ya amfani sai an fara daga ƙarshen cunkoson ta gangare, kuma sai akwai buɗaɗɗen ruwa a gaba da zai kwashe abin da aka fasa. In babu, an ɗauke wa wannan gari bala'i ne an kai wa na gaba. Abin da ya fi aiki tun kafin lokaci ake yin sa: a yanka rufin da manyan zarto, a watsa masa yashi ko baƙar ƙasa don rana ta ci shi, ko a farfasa shi da injin haƙa mai iyo, kamar yadda lardin Manitoba ke yi kowace shekara a Kogin Red kusa da Selkirk.

Shi kuma ɗanki, abin da ya fi kusa da shi ba ambaliya ba ce, yanke hanya ta kan kogi ne. Ki ce masa kada ya taka ƙanƙarar kogi don ya ga wasu sun taka, musamman kusa da gada, da bakin magudanar ruwan gari, da farko da ƙarshen sanyi. Ƙasa da santimita 10 garau ba a hawa ko da mutum ɗaya ne, kuma ido ba ya auna kauri. Idan tsautsayi ya sa ya rufta, minti na farko na daidaita numfashi ne, kada ya yi ta fafutuka. Yana da kimanin minti 10 kafin hannuwa su mutu. Ya juya ta inda ya fito, ya shimfiɗa hannuwa a kan ƙanƙarar, ya riƙa harbin ruwa da ƙafa har jikinsa ya kwanta, ya ja ciki ya fito, ya mirgina ya yi nisa kafin ya miƙe. Allah ya tsare shi, ya dawo miki da shi lafiya.

TAMBAYA: Da sanyin da ake yi a Jos, dam ɗin Lamingo zai iya daskarewa wata rana? Ai ƙanƙara na sauka a nan.
Daga ɗan sakandare, Tudun Wada, Jos

AMSA: A'a, ƙanenmu. Jos na kan tsayin kimanin mita 1,200, kuma a daren hunturu mai tsanani sanyi kan sauko ƙasa da digiri 10, amma kafin dam ya daskare sai ruwansa duka ya huce zuwa digiri 4, iska kuma ta yi kwanaki ƙasa da sifili. Ƙanƙarar da ke sauka a Jos da damina can cikin hadari take ƙulluwa, kilomita da dama a sama, ba sanyin ƙasa ke yin ta ba.

TAMBAYA: Me ya sabunta a wannan fanni, kuma mu da kogunanmu ba sa daskarewa me za mu ɗauka?
Daga wata mai nazarin taswira, Wuse, Abuja

AMSA: Malama, babban canjin a gani ne. Da, sai an hau ƙaramin jirgi an bi kogi ana leƙe. Yanzu taurarin ɗan'adam masu rada, irin su Sentinel-1 na Turai da aka fara harbawa a 2014 da ukun RADARSAT da Kanada ta harba a 2019, na gani cikin dare da cikin gajimare. Buɗaɗɗen ruwa da ƙanƙara mai sumul baƙi suke fitowa a hoton, cunkoso mai kaushi ya fito fari tas. Matsalar ita ce idan ruwa ya kwanta a kan ƙanƙara shi ma baƙi yake fitowa, sai a ɗauka kogi ya buɗe, don haka ake haɗawa da kyamarorin bakin gaɓa da jirage marasa matuƙi. Akwai kuma na'urar da ake ajiyewa a gindin kogi tana harba sauti sama, tana auna tsakin da ke wucewa da kaurin rufi duk tsawon sanyi.

Hasashe ma ya canza salo. Babu mai iya cewa ga daidai inda cunkoso zai tsaya, don haka akan sa manhajar kwamfuta ta maimaita lissafin sau ɗaruruwa ko dubbai, kowane karo da wurin tsayawa dabam da yawan ƙanƙara dabam da yawan ruwa dabam, a fitar da taswirar da ke nuna kowace unguwa sau nawa ta nutse. Ƙanƙarar kanta raguwa take. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2020, wanda ya duba hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kusan 400,000 na shekara 34, ya ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 1 na ɗumamar duniya zai rage wa koguna kimanin kwana 6 na rufi. Wannan ya gajarta lokacin hanyoyin ƙanƙara, amma bai kawar da cunkoso ba, don ruwan sama a tsakiyar sanyi na tayar da rufi tun yana da ƙarfi.

Namu rabon ba kaɗan ba ne. Hotunan Sentinel-1 kyauta ne, kuma su ne ke iya nuna iyakar ambaliya a Lokoja a watan Satumba lokacin da hadari ya rufe wa sauran taurari ido. Manhajar HEC-RAS, wadda ke da sashen lissafin cunkoson ƙanƙara, ita ce dai injiniyoyinmu ke zana ambaliya da ita. Abin da muke so a kwaikwaya shi ne ɗabi'ar lissafa toshewa tun a takarda. Kwalbatinmu leda da robobi da itace ke cunkushe su, kamar yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, amma sau da yawa akan zana su kamar bakinsu zai zauna a buɗe. Ki gwada a aikinki na gaba: maimaita lissafin kwalbati da rabin bakinsa a toshe, ki ga gidajen da ruwan zai koma wa. Sai dai ki kula da hoton rada a cikin gari. Dogayen gine-gine na mayar da hasken da ƙarfi, unguwar da ta nutse ta fito fari maimakon baƙi, don haka a Maitama ko tsakiyar Lokoja sai kin haɗa da taswirar tudu da kwari kafin ki ja layin ruwa.